Mai Share Wa Wani Hanya

Idan aka yi maganar tseren keke a ƙasar Danmak, sunan da yakan fara zuwa bakin mutane shi ne Jonas Vingegaard, wanda ya ci babban tseren nan na Faransa a 2022 da 2023. Amma yau muna so mu ba masu karatunmu labarin wani ɗan ƙasarsu, Michael Mørkøv, wanda sunansa bai kai nesa haka ba.

An haife shi a 1985. Aikinsa cikin ƙungiya shi ne share hanya. Ga yadda abin yake. Mai keken da ke gaba shi ne ke shan iska, na bayansa kuwa yana fakewa, ƙarfinsa bai ƙare ba. In an kusa wurin tsayawa, sai Mørkøv ya shiga gaba, ya ratsa cunkoson kekuna da gudun da ya wuce kilomita 60 a awa, abokinsa na manne da shi. Saura 'yan mitoci sai ya kauce, abokin ya wuce ya ci. Gobe hoton abokin ne za a gani a jarida.

Ba don ya kasa cin nasa ba ne. Sau uku ya zama zakaran ƙasarsu, a 2013 da 2018 da 2019. A wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, shi da Lasse Norman Hansen suka ɗauki lambar zinariya.

A wannan shekara ta 2021 ne ya ja Mark Cavendish na Birtaniya har ya ci zango huɗu a tseren Faransa. A garin Carcassonne, Cavendish ya cika nasara 34, ya kamo Eddy Merckx. Wanda ya zo na biyu ran nan? Mørkøv ne.

Da shekara ta kewayo, tseren ya sāke bi ta Carcassonne. Ana tsananin zafi, tun da farko aka bar Mørkøv a baya. Tafiyar ta kai kilomita 200, ya yi yawancinta shi kaɗai, ba wanda zai tare masa iska. Yana iya sauka ya shiga mota, amma ya ƙi. Ya iso bayan na farko da fiye da awa ɗaya, lokacin da aka ƙayyade ya wuce, aka fid da shi daga tseren. Ya bar tsere a ƙarshen 2024.

A gidajenmu ma akwai irinsa: uwar da ke tashi da asuba, da wan da ya bar makaranta domin ƙanensa ya yi karatu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaushe rabonmu da mu gode musu?