Gaskiya da Ƙarya Game da Tsohuwar Motar Ƙawa da Aka Sauya wa Inji

Kwanakin nan wani saƙo ya yi ta yawo ta WhatsApp a tsakanin abokanmu masu sha'awar tsofaffin motocin ƙawa, irin su Jaguar E-Type da Porsche 911, har ya isa hannun waɗanda suka ci gadon irin waɗannan motoci suna niyyar sayar da su a kasuwannin Turai da Amurka. Marubucinsa bai sa sunansa ba, bai kuma kawo hujja ko ɗaya ba, amma ya yi magana da gadara kamar wanda ya tsufa a gidan gwanjo, ya jera da'awa uku, ya ce kowa ya yaɗa.

Bisa adalci, akwai ƙwayar gaskiya a ƙarƙashin zancen, ita ce ma ta sa masu hankali suka gaskata shi. Lalle masu tara motocin tarihi sun fi biyan kuɗi mai tsoka ga motar da har yanzu take ɗauke da injin da ta fito da shi daga masana'anta, kuma suna da hanyar tabbatarwa, domin kamfanonin sun adana rajista. Jaguar Daimler Heritage Trust ta Ingila tana ba da takardar da ke nuna lambar injin asali, Porsche na da tsofaffin katunanta da ake kira Kardex, Ferrari kuwa ta buɗe sashen Classiche a Maranello a 2006 musamman don tantance asali.

Da'awar farko, wai motar da aka sauya wa inji ta zama ta 'yan gwangwan, ba ta da tushe: MGB, wadda aka ƙera sama da 500,000 daga 1962 zuwa 1980, kaɗan take asara idan injin da aka sa mata irin nata ne, alhali Ferrari da aka yi 'yan ƙalilan asararta mai nauyi ce. Ta biyu, wai injin zamani yana ninka kuɗin mota, ta ci karo da ta farko, kuma abin da ya yi kama da ita shi ne aikin kamfanoni ƙalilan irin su Singer na Kalifoniya, waɗanda sunansu ake saye.

Ta ukun ita ce musibar, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. Cewa ya yi wai mai motar ya sa a kankare lambar da ke jikin injin aro, a buga masa lambar injin asali, babu mai ganewa, kuma wai gyara ne kurum. Wallahi wanda ya fara rubuta wannan ya cuci jama'a, ko da sani ko da jahilci.

Ana ganewa. A ɗauki Corvette ta Amurka misali, wadda tun 1960 ake buga wani yanki na lambar motar a kan wani ɗan fili da ke gaban jikin injin. Na'urar masana'anta tana barin waɗansu siraran layuka miƙaƙƙu a kan wannan fili, masu tafiya fuska guda, kuma da zarar an goge wurin da dutsen niƙa sai layukan su ɓace, ko su koma karkatattu, abin da gwani ke hangowa da tocila da gilashin ƙara girma. Bayan haka akwai ranar zubi, wadda take fitowa tare da ƙarfen tun yana narke, ta yadda injin da aka zuba bayan ranar da aka haɗa motar ya riga ya tona asirin kansa. Siffar haruffa ma shaida ce, haka zurfinsu da jeruwarsu. Ƙari a kan wannan, bugun lamba yana danne ƙarfen da ke ƙarƙashinta, saboda haka masu binciken 'yan sanda kan shafa sinadari a wurin da aka kankare, tsohuwar lambar ta sake bayyana.

Idan kuwa asiri ya tonu, hasarar ta ninku, domin mai saye da ya kama ƙarya a inji zai tuhumi sauran motar da takardunta baki ɗaya, kuma a ƙasashe da yawa taɓa lambar shaida don yaudarar mai saye laifi ne da kan kai mutum gaban alƙali. Mu kuma da muka karanta babin ciniki a littafin Risala mun san hukuncin tadlisi da algus da ɓoye aibi: haramun ne, kuma shari'a ta ba wanda aka yaudara zaɓin mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Sauya inji halal ne, tun da inji kan mutu, har kamfani da kansa kan musanya shi a lokacin garanti. Laifin yana cikin jingina wa inji nasabar da ba tasa ba.

Ba na zargin waɗanda suka ruɗu, musamman magada da suka tarar an riga an sauya injin tun suna yara, suka ji tsoron dukiyar marayu za ta salwanta. Nasihata gare su ita ce su bar lamba yadda take, su nemi takardar asali daga kamfanin, su tara rasitai da bayanin lokacin da aka yi sauyin, su faɗa wa mai saye tun kafin ya tambaya. In tsohon injin yana nan a bayan gareji, ko da ya fashe, kada a sayar wa masu awon ƙarfe, a haɗa shi da motar wajen ciniki, domin sau da yawa ana iya farfaɗo da shi. Tarihin Triumph Stag ya isa izina: masu ita da yawa sun cire injinta saboda yawan zafi suka sa na Rover ko na Ford, ga shi yau mai injin asali aka fi nema. Wanda saƙon ya zo masa kuwa, ya taimaka ya tsayar da shi a wayarsa, ya kuma sanar da wanda ya turo masa.