Wuƙaƙen Yaƙin Duniya na Biyu: Jita-jita da Gaskiyar Magana

Wuƙaƙen faɗa da sojoji suka riƙe a Yaƙin Duniya na Biyu suna cikin kayan tarihin da jabu ya fi yi wa yawa. Ƙera irinsu ba wuya, kuma tazarar kuɗi tsakanin ta ainihi da ta kwaikwayo tana da faɗi ƙwarai. Shi ya sa maganganu suka yi yawa a bakin dillalai da masu tara su, wasu gaskiya, wasu rabi-da-rabi, wasu kuma daɗin baki ne na talla.

Wadda aka fi yi wa ƙarya ita ce Fairbairn-Sykes, siririyar wuƙa mai baki biyu ta sojojin ƙundumbala na Birtaniya. William Fairbairn da Eric Sykes, da suka yi aiki da 'yan sandan birnin Shanghai, su suka tsara ta. Sun zauna da kamfanin Wilkinson Sword a Nuwamba 1940, aka fara ƙera ta a farkon 1941. Ana yawan cewa duk wuƙa mai wannan siffa tana da wuyar samu. Ba haka ba ne, domin samfuri uku aka yi. Na farko ana gane shi da makarin hannu mai lanƙwasa kamar harafin S, da mariƙin tagulla mai kaushi, da shafaffen wuri a gindin ruwan wuƙar inda aka zana sunan kamfani. 'Yan dubbai kawai aka yi cikin watanni kaɗan, shi ne kuma mai tsadar gaske. Na biyu ya fito a 1941 ɗin, makarinsa miƙaƙƙe, babu shafaffen gindin. Na uku ya bazu daga 1943, mariƙinsa zubi ne na gaurayen tutiya mai zobba-zobba. Maƙera da dama sun yi shi birjik, musamman a Sheffield, har yau kuma ba a daina ba. Wuƙar da ta haɗa makarin samfurin farko da mariƙin na uku haɗe-haɗe ce, kome aka rubuta a jikinta.

Tambari ne ya fi ruɗa sababbin masu saye. Alamar kan kibiya da ake gani a kayan sojan Birtaniya tana nuna cewa gwamnati ta karɓi abin ya zama nata, wannan gaskiya ne. Amma rashinta ba ya mayar da wuƙa jabu, tunda hafsoshi da dama sun sayi nasu da kuɗin aljihunsu, ba daga ma'ajiyar soja ba. Samunta ma ba hujja ba ce ita kaɗai, don ƙarfen buga alama kowane maƙeri na iya yin sa. Kalmar ENGLAND da ake samu a kan makari ita ma ta raba kan mutane: wasu na cewa shaidar zamanin yaƙi ce, wasu na cewa shaidar bayan yaƙi. Abin da ya faru shi ne, da aka gama yaƙi an sayar wa 'yan kasuwar Amurka ragowar wuƙaƙen, dokar shigo da kaya ta ƙasar kuma ta wajabta a nuna inda aka yi kaya. Ke nan wuƙar na iya zama ƙirar lokacin yaƙi, tambarin ne ya zo daga baya. Lambobi 1 zuwa 4 da ke kan mariƙin samfuri na uku kuwa lambar mazubin da aka zuba ƙarfen ce, ba ta wata runduna ba.

A ɓangaren Amurka, sunan Ka-Bar ya sa ana zaton kamfani ɗaya ne ya yi wuƙar da rundunar Marin ta amince da ita a Nuwamba 1942. Alhali Camillus ne ya fara ƙera ta, shi ne kuma ya fi yin ta da yawa. Union Cutlery, mai alamar Ka-Bar, da Robeson da PAL sun yi nasu kaso. Wuƙar M3 ta 1943 zuwa 1944 ma ba abin rububi ba ce, don an yi kimanin miliyan biyu da rabi. Bambancin farashinta yana wurin da aka buga tambari: da farko a jikin ruwa tare da shekarar 1943, sannan a ruwa ba shekara, daga ƙarshe a kan makari. Wadda ƙarancinta gaskiya ne ita ce V-42, da kamfanin Case ya yi wa wata rundunar ƙundumbala ta haɗin gwiwar Amurka da Kanada, guda dubu uku da ɗoriya. Sai dai Case da kansa ya sake fitar da ita shekaru da yawa bayan yaƙi, don haka ganin sunansa a jiki bai kashe magana ba.

Akwai kuma jita-jitar da ba ta da tushe: kwarmin da ke bin tsawon ruwan wasu wuƙaƙe ba magudanar jini ba ce. Yana rage nauyi ne ba tare da raunana ƙarfen sosai ba. Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 ma, saɓanin abin da ake cewa, ba su ambaci haramta wuƙa ko banati mai kusurwa uku ba. Jajayen tabon da dillali ke cewa jini ne, tsatsa ce, kuma ana iya jawo ta cikin kwanaki da ruwan gishiri.

Akwai maganganun da suka tabbata. Mariƙin wuƙar Marine Raider ta Amurka, wadda Camillus ya yi kimanin 14,000, yana tsattsagewa da kansa, saboda gaurayen tutiya da alminiyon da aka zuba shi da shi yana lalacewa da tsufa. Gogewa da wasawa kuma suna karya farashi, domin suna cinye zanen kamfani da sawun dutsen niƙa na masana'anta, waɗanda su ne masana ke dubawa. Ɗan mai kaɗan da wuri busasshe sun wadatar.

Labarin wanda ya riƙe wuƙa yana ƙara mata daraja ne idan akwai takardar soja, ko wasiƙa, ko hoto da ya haɗa mutumin da ita. Tsufan akwatin da aka ciro ta ba shaida ba ne. Sojojin Nijeriya da na Gold Coast da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 an fi saninsu da adda, don haka wuƙar ƙundumbala da aka jingina wa ɗayansu tana bukatar hujja fiye da bakin magada. Saye ta hoto kaɗai cinikin biri a sama ne. Masu tarawa da suka daɗe a harkar sai sun auna tsawo da nauyi, sun duba ɗinkin kube da ƙusoshinsa, sun gwada wuƙar da wata da aka tabbatar, kuma ba sa biya sai mai sayarwa ya yarda a rubuce zai karɓi kayansa idan ta fito jabu.