Kumburin Ƙwaƙwalwa da Gigin Tsufa

Gigin tsufa ciwo ne da ke cinye tunanin mutum sannu a hankali. Dattijo ya idar da sallah ya tambaya ko an kira, ko tsohuwa ta fita kasuwar Kajiji hanyar gida ta ɓace mata. A ƙauyukan Shagari da Boɗinga akan ce tsufa ne, wani lokaci a ɗora wa iskoki. A wurin likitoci kuwa cuta ce mai sanadi, kuma kumburin ƙwaƙwalwa na cikin dalilan da aka fi bibiya yau.

Kumburin nan ba irin na ƙurji ba ne da ido ke gani. Tashin garkuwar jiki ne a cikin kai. Ƙwaƙwalwa na da masu gadinta, ƙananan ƙwayoyi da ake kira maikirogiliya, masu share datti da matattun ƙwayoyi. A cutar Alzheimer, nau'in gigin tsufa wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, wani sinadari mai suna amiloid kan daskare tsakanin jijiyoyi. Masu gadin su taso masa. Da farko taimako suke yi, amma idan faɗan ya ɗauki shekaru sai su riƙa zubar da sinadarai masu lahani, suna cinye mahaɗar jijiyoyi masu lafiya, kamar wutar da aka sa wa ciyawa ta kama rumbu. A 2013 aka gano cewa tangarɗa a ƙwayar gado TREM2, mai sarrafa aikinsu, tana ƙara haɗarin cutar. Wannan ya nuna da hannunsu a ciki. Sai dai magungunan kumburi irin su naproxen, da aka gwada a Amurka, ba su hana ta ba.

Akwai wasu cututtukan kuma da ke taɓa tunani. Ƙasar Sakkwato na cikin yankin sanƙarau, wanda ya yi ɓarna a 2017. Shi kumburin rigar ƙwaƙwalwa ne, yakan bar wasu da kurumta ko raunin tunani. Hawan jini da ciwon suga kuma kan lalata ƙananan jijiyoyin jini na kai. Wani abin da iyali kan gani shi ne tsoho ya yi zazzaɓi ko ciwon fitsari, ya ruɗe a dare ɗaya. Wannan ruɗewar kan lafa idan aka magance ciwon da wuri, jinkiri kuwa kan ƙara dagula mai gigi. Ana duba masu irin wannan larura a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.