Ɗigon man birki a tsofaffin motoci: a nemo kafar, kada a tsaya ga ƙari

Duk wanda ya san tashoshin Maraɗi, Madawa da Birnin Ƙonni ya san tsofaffin motocin Peugeot 404 da 504 masu akori, waɗanda ke kai mutane da albasa da awaki kasuwannin ƙauye. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968. Injinsu yana da jimiri, shi ya sa masu su ke manta cewa robobin birki ba su da irin wannan tsawon rai.

Birkin waɗannan motoci da mai yake aiki. In direba ya taka feda, babban famfo yakan tura man cikin bututun ƙarfe da tiyon roba har zuwa ƙananan famfunan da ke ƙafafu huɗu, su kuma su matse takalman birki a jikin ganga ko faifai. Mai ba ya matsuwa, saboda haka ƙarfin ƙafar direba yakan isa can bai ragu ba. Makanikai na kiran man nan Lockheed, sunan da ya samo asali daga Malcolm Loughead, Ba'amurken da ya yi rajistar wannan dabara a 1917.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, man birki ba ya ƙonewa kamar man inji. Yakan ɗan sauka kaɗan in takalma sun cinye, amma gorar da ake cika wa kowane mako tana da kafa a wani wuri. Tsofaffin motoci da yawa kuma hanyar mai ɗaya gare su. Sai a ƙarshen shekarun 1960 dokar Amurka ta tilasta raba ta biyu, wasu ƙasashe suka biyo baya. A mota mai hanya ɗaya, kafa guda ta isa ta kwashe birkin ƙafafu huɗu lokaci ɗaya, kuma ba ta zaɓar wuri: tana iya yi a gangaren Adar, tsakanin Keita da Buza, da mutum ashirin a baya.

Neman kafar ba ya bukatar kuɗi. A tsai da mota a wuri mai tsabta, a cika gora, wani ya taka feda da ƙarfi ya riƙe, wani ya leƙa ƙarƙashi. In cikin taya ya jiƙe, ko bayan ganga ya yi danshi ƙura ta manne, robar ƙaramin famfo ce ta mutu. In tiyo ya tsattsage ko ya kumbura lokacin takawa, zafi da shekaru sun gama da shi. Bututun ƙarfe kuwa gargadar hanya ce ke sa shi gogar jikin mota har ya huje.

Akwai wadda ta fi wuyar ganewa. Feda na nutsewa a hankali har ƙasa, amma ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Wannan robar babban famfo ce ke sakin mai ta ciki. Wani lokaci man yakan gangaro ta bayan famfon, ya jiƙa wajen ƙafar direba, ko ya taru cikin tukunyar da ke ƙara wa birki ƙarfi, in motar na da ita.

Gyara shi ne sake abin da ya lalace. Robobi sababbi sun wadatar in cikin famfo sumul yake; in tsatsa ta ci shi, sai sabon famfo. Takalmin da ya sha mai ba ya wankuwa, a sake shi, a sake na ɗaya gefen tare, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe. Dabarar nan ta daddale bututu da guduma a bar ƙafafu uku, ko ta zuba ruwan sabulu a gora, an san ta a hanyoyinmu, amma ba gyara ba ce. Sabon man DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, na DOT 4 sai 230, ruwa kuwa a 100 yake tafasa, ya zama tururi, feda ta tafi banza. Man inji ko gazuwal sun fi muni, domin suna kumbura dukan robobin cikin ƴan kwanaki. Ko man kirki ma yana shan danshin iska, shi ya sa ake sake shi duk shekara biyu, kuma ba a sayen wanda aka bari a buɗe.

Bayan gyara sai fidda iska, aikin mutum biyu. Yaron gareji ya taka feda sau uku ko huɗu ya riƙe, makaniki ya kwance ɗan kusoshin da ke bayan ƙafa, mai da kumfa su fito, ya ɗaure kafin a saki feda. Bisa al'ada ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da babban famfo, ana duban gora kada ta ƙafe. In kumfa ta ƙare, feda ta tsaya da tauri rabin minti ba ta nutse ba, sai a gwada motar a hankali cikin fili babu kaya, a sake leƙa ƙarƙashinta washegari kafin a shiga layin lodi.