Miyar da ta ji haɗi ba ta neman ƙari

Duk macen da ta iya girki ta san miyar kuka awo ce. Daddawa da gishiri da yaji da 'yar kanwa, kowanne da gwargwadonsa, kowanne kuma yana danne kaifin ɗan'uwansa. Idan an sauke tukunya wani ya zo ya ƙara zuba kanwa don ya ji an ce tana da amfani, to bai gyara komai ba, ya dai ɓata wa gida tuwon dare.

Haka baƙin mai yake. Daga garejin Kazaure da ke kan hanyar Kano zuwa Daura har tashar Babura, da wuya ka je juye ba a nuna maka wani ɗan gwangwani mai ruwa mai kauri ba, a ce: "Alhaji, a ƙara wannan, injinka zai koma sabo." Direba ya biya, ɗan acaba ya biya, har mai injin ban ruwa ya biya, duk don ƙaunar abin neman abincinsu.

Abin da ba a faɗa musu shi ne, man kirki tun daga kamfani a haɗe yake. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na galan ɗin sinadarai ne: mai wanke dauɗa, mai riƙe baƙin toka kada ya dunƙule, mai hana ƙarfe cin ƙarfe, mai hana kumfa, da mai daidaita kauri tsakanin sanyi da zafi. An auna su, an gwada su a inji, sannan aka buga wa galan alamar API da lamba irin 20W-50. Wanda ya zuba gwangwani a kai ya rushe wannan awon. Mai ya yi kauri fiye da kima, da asubar hunturu ya yi nawa wajen hawa saman inji, alhali lokacin tayarwa ne ƙarafa suka fi cin juna.

Masu babura su ne a gaba wajen cutuwa. A Boxer da ire-irensa, kuloci a cikin man inji yake wanka. Sinadarin da ke ƙara santsi sai ya sa shi sulɓewa: ka murɗa totur, inji na kuka, babur ba ya ja. Shi ya sa ake buga wa man babur alamar JASO MA.

Ko a Amurka, inda ake tallan irin waɗannan gwangwanaye, hukumar kare masu saye ta FTC ta taka musu birki. A 1995 kamfanin STP ya biya tarar dala 888,000 kan tallan da ya wuce hujjarsa, a 1997 kuma aka hana masu Slick 50 ci gaba da iƙirarin da ba su iya tabbatarwa ba.

Gaskiya ne, tsohon injin da ke shan mai yana hayaƙi yakan ɗan lafa idan aka zuba masa mai kaurin. Amma ai miyar jiya da ta yi tsami, ko ka ƙara mata kuka ta yi kauri, tsaminta na nan. Ringin da ya cinye sai bakanike ya sauke inji ya sauya shi.

Babban abokin gabar inji a ƙasarmu ƙura ce da zafi: yashin Babura, hanyoyin ƙasa na ƙauyukan Roni da Gwiwa, da zafin bazara da ke haura digiri 40. Babu gwangwanin da ke fitar da yashi daga cikin mai, filta da juye kaɗai ke yin wannan. Don haka ɗan'uwa, kuɗin gwangwanin nan haɗa shi ka sayi mai a galan rufaffe mai alamar hukumar SON, ka bar na awo da ba a san asalinsa ba, domin araha ba ta ado. Ka yi juye kafin lokacin da littafin abin hawanka ya faɗa ya cika, ka sauya filtar mai, ka riƙa duba ta iska duk mako a watannin hunturu. Da guminka ka sayi injin nan, kada ka bari daɗin bakin mai talla ya rage masa kwana.