Yaran da Ba Sa Cikin Lissafin Gidan Kowa

Ranar Alhamis babu karatu a tsangaya. Shi ya sa duk wanda ya bi bakin gulbi a Argungu da hantsin ranar zai tarar da yara birjik. Wasu na cuɗa riga da guntun sabulu, wasu sun shanya tasu a kan ciyawa sun faɗa ruwa suna jiran ta bushe, don ita ke nan gare su. Wannan gulbin ne mutane ke tahowa daga nesa don kallon gasar kamun kifinsa, bikin da aka fara a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ga almajiri kuwa, nan ne wurin wanka, wurin wanki da filin wasa, kuma ba ya biyan ko sisi.

Sai dai ruwan yana karɓar nasa kuɗin ta wata hanya. Inda ya kwanta a gefen fadama da gonakin shinkafa, akwai ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar takan fito daga jikinsu ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji komai ba, ta bi jini ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ta yi ta zuba ƙwai. Bayan 'yan watanni sai yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Idan ya yi fitsarin a ruwa, ƙwan ya koma wa dodon koɗi, zagaye ya sake. A garuruwan bakin ruwa abin ya yi yawa har wasu na ɗaukarsa alamar balaga, ba ciwo ba. Alhali idan ya daɗe yana ƙarar da jini, yana taɓa ƙoda, kuma yana iya kaiwa ga ciwon dajin mafitsara.

Maganin tsargiya ba wuya gare shi ba, kuma kyauta ake raba shi ga yara 'yan shekara 5 zuwa 14. Amma hanyar da aka fi bi wajen rabon ita ce makarantar boko, inda akwai rajista da aji da malamin da zai kira suna. Yaron da a wannan lokacin yake yawo da roba ƙofa-ƙofa yana neman ɗumame, wa zai kira sunansa?

Kusan duk wani taimakon lafiya da ake kai wa talaka a ƙasar nan ta ƙofa biyu yake shiga: gida ko makarantar boko. Almajiri yana da gida, amma yana can wani ƙauye, wataƙila a Zamfara ko Sakkwato ko tsallaken iyaka a Dosso. Yana da makaranta, amma ba irin wadda ke cikin takardun ma'aikata ba. Haka ɗan tasha da ke kwana a kan teburin mai shayi, da yaron da ke dako a babbar kasuwar Birnin Kebbi ya kwana a rumfa, da matar da ta gudo da 'ya'yanta daga ƙauye ta fake a kangon da ba a gama ginawa ba.

Zazzaɓin cizon sauro ya fi komai nuna wannan giɓi. A binciken ƙasa na 2021, Jihar Kebbi ce ta zo kan gaba: kashi 49 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada an sami ƙwayar cutar a jininsu. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san kwarin Rima. Fadamar da ke ba da shinkafa damina da rani, wadda ta sa aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a Birnin Kebbi a 2015, ita ce kuma ke renon sauro kusan duk shekara. Hukumomi ba su naɗe hannu ba. Da damina ana bi gida-gida kowane wata ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya. A watan Disamba na 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin, mai suna R21, a jihohi biyu kacal, Kebbi da Bayelsa, ana soma ta tun jariri yana wata biyar. Gidan sauro kuma ana rabawa ne bayan an ƙirga mutanen gida, ɗaya ga kowane mutum biyu.

To a duba ɗan shekara tara da ke kwana a zaure da wasu ashirin. Ya wuce shekarun maganin damina, ya wuce na allura. Iyayensa a ƙauye wataƙila sun karɓi gidan sauro da sunansa, yana can rataye a ɗakin uwarsa. A zauren, ko an ba su, ina za a ɗaura guda goma? Idan zazzaɓi ya kama shi, abin da aka saba shi ne ya lulluɓa da buhu ya kwanta a rana, wani gardi ya sayo masa farasitamol a kemis, malam ya ba shi rubutu ya sha. Sau da yawa yakan tashi. Wani lokaci sai an ga ya fara fizge-fizge sannan a nemi mai babur.

Ba rashin tausayi ba ne daga malam, ko da yake akwai waɗanda ya kamata a tuhuma. Mutumin da aka danƙa wa yara sittin ko ɗari, babu albashi, babu abin da uban yaro ya bari sai addu'a da ɗan abin sadaka, ba shi da kuɗin kati da gwaji da magani na ko da biyar daga cikinsu. A da, gari ne ke ɗaukar wannan nauyi. Malam na da gona, almajirai na noma ta, kuma kusan kowane kolo na da uwar ɗaki, matar da yake yi wa ɗiban ruwa da aike, ita kuma ta ajiye masa tuwo, ta lura idan kwana biyu bai leƙo ba. Wannan al'ada ba ta mutu ba, amma tsadar abinci ta rage abin da ke saura a tukunya, yara kuma sun ninka.

Kowane yanayi da irin tasa. Da hunturu, kwana a ƙasa ba bargo yana kawo tari da ciwon haƙarƙari, hayaƙin wutar kara da ake karatun dare a gefenta yana ƙara wa idanu da ƙirji wahala, ƙafafu su yi faso har su riƙa jini. Ƙazwa da makero da kwarkwata kuwa ba su da lokaci, duk inda ake haɗa tabarma da aska ɗaya suna nan.

Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai sanƙarau. Cutar tana bin numfashi, kuma ba abin da take so kamar ɗaki cunkushe marar taga. A 2017 ta ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, ta kashe mutum fiye da dubu a ƙasar. A watan Maris na 2025 ta sake ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero, inda gwamnatin jiha ta sanar da mutuwar mutum 26 tun a farkon lamarin. Sanƙarau na iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu, wanda ya tsira kuma yana iya rasa ji. Bambancin rai da mutuwa shi ne a sami wanda zai lura cewa wuyan yaro ya sanƙare da zazzaɓi, ya kai shi asibiti a daren. A gida uwa ce ke lura. A zaure, wanda ke kusa da shi yaro ne kamarsa.

Damina kuma ta zo da amai da gudawa, musamman ga mai cin ragowar abincin gida biyar a roba ɗaya, ba tare da ruwan wanke hannu ba. Ita ce kuma ke ƙara yawan marasa matsuguni. Ambaliyar 2020 ta shanye dubban ɗaruruwan hekta na shinkafa a Kebbi, ta rusa gidajen laka, iyalai suka koma kwana a azuzuwan makarantu. Ga kuma masu gudun 'yan bindiga daga masarautar Zuru, ga fargabar da ta biyo bayan harin Lakurawa a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024. Uban da ya rasa gona da rumbu, abu na farko da yakan yi shi ne rage bakin da yake ciyarwa: namiji a kai shi gun malam a birni, mace a ɗora mata tire ko a tura ta aikatau. Su 'yan matan ba a cika ganinsu kwance a titi ba, amma abin da ke samun 'yar talla a lungu da tasha bayan magariba ya fi ƙazwa muni, kuma kunya ce ke rufe shi.

Waɗanda suka girma a titi suna da wata matsalar. Saurayin da ya bar allo bai sauke ba, bai koyi sana'a ba, yakan ƙare a tasha ko bakin kasuwa, inda sholisho da tiramol ke kashe yunwa da gajiya na ɗan lokaci. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. Idan kai ya taɓu, babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a wannan yanki yana Kware, can gaba da Sakkwato, tafiyar da ke buƙatar kuɗin mota da mai rakiya. Da yawa sukan ƙare ne a gidan mari, irin waɗanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa da Daura a 2019 aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba gado ba ce, ba kuma likita ba.

Gwamnatoci sun gwada hanyoyi. An gwada gini: daga makarantar Gagi ta Sakkwato a 2012 aka gina makarantun tsangaya na zamani sama da 150, da dama suka lalace don ba a tanadi abin ciyar da su ba. An gwada kora: a 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka yi ta lodin almajirai a motoci zuwa jihohinsu, aka sami cutar a jikin wasu da aka kai Kaduna da Jigawa, kuma da kulle ya ƙare akasarinsu suka koma inda suka fito. A 2023 aka kafa hukumar ƙasa ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar 2014 ta ware wa kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don marasa ƙarfi, kuma a Kebbi hukumar KECHEMA ce ke yi wa mutane rajista. A takarda, almajiri na cikin waɗanda aka yi abin dominsu. A zahiri, rajista na son wanda zai kai yaro, ya ba da bayaninsa, ya riƙe masa kati.

Abin da ya fi kusa da hannu bai kai gina sabuwar makaranta tsada ba. A ɗauki kowace tsangaya a matsayin gida guda, a rubuta sunan kowane yaro da garinsu da lambar wayar ubansa, a haɗa ta da asibitin unguwa mafi kusa, yadda malam zai aika yaro da gardi ba tare da an ce ina kuɗin kati ba. A koya wa gardawa biyu alamun da ba a jira da su: sanƙarewar wuya, fizge-fizge, gudawa kamar ruwan shinkafa. Famfo ɗaya da masai da sabulu za su rage ƙazwa da gudawa da zuwa gulbi a lokaci guda. Su ma iyayen ɗaki, da an neme su ta hannun masu unguwa, sun fi kowane ma'aikaci sanin wane yaro ne ya rame.

Maganin tsargiya ma ba ya buƙatar awo ko gwajin jini kafin a raba shi. Sanda ce mai zane ake tsayar da yaro a jikinta, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai haɗiya, kuma wani kamfanin Jamus ne ke bayar da ƙwayoyin kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Sharaɗi ɗaya gare shi: ba a sha da wofin ciki, don yana sa jiri da amai. Ke nan duk ma'aikacin da zai je tsangayun Argungu da sandarsa, sai ya zaɓi lokacin da yaran ba su fita bara ba, ya kuma tafi da tukunyar kunu.