Ranakun Kiwon Lafiya na Duniya: Mafarinsu da Manufarsu

Sau da yawa mukan ji a rediyo cewa yau ranar kaza ce ta duniya, mu wuce ba tare da mun tambayi dalili ba. Alhali kuwa kowace ɗaya tana da tarihinta.

Uwar ranakun ita ce 7 ga Afrilu, ranar da aka kafa Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, a shekarar 1948. Ranar 24 ga Maris ta yaƙi da tarin fuka ce, domin a irin wannan rana a 1882 likitan Jamus Robert Koch ya bayyana ƙwayar da ke haddasa cutar. Ranar 14 ga Yuni ta masu ba da jini ce, ranar haihuwar Karl Landsteiner wanda ya gano rukunonin jini. Ita kuwa ranar SIDA, 1 ga Disamba, an fara ta a 1988.

Wadda ta fi shafar gidajenmu ita ce 25 ga Afrilu, ranar zazzaɓin cizon sauro. Asalinta taron shugabannin Afirka ne a Abuja a shekarar 2000, inda suka yi alkawarin rage mace-macen wannan cuta da rabi kafin 2010. A 2007 aka mayar da ita ta duniya baki ɗaya. Duk da haka, a 2023 cutar ta kashe kusan mutum 600,000, galibinsu yara ƴan ƙasa da shekara biyar a Afirka, kuma Nijeriya da Nijar suna cikin ƙasashe huɗu da suka fi asarar rayuka.

Manufar waɗannan ranaku biyu ce: a tuna wa hukumomi alkawuransu, a kuma tuna wa iyalai nauyin da ke kansu. Namu nauyin a fili yake. Mu kwantar da yara da masu juna biyu cikin gidan sauro mai magani, mu karɓi maganin rigakafin da ake raba wa yara kowane wata a damina, mu kawar da kwantaccen ruwa daga tsakar gida. Idan jikin yaro ya yi zafi, mu kai shi asibiti a ranar a gwada jininsa. Allurar rigakafin cutar ma ta samu: Kamaru ta sa ta cikin alluran yara a Janairun 2024.

Damina na tafe. Maigida ya duba tun yanzu ko kowace shimfiɗa a gidansa tana da gidan sauronta.